Ƙofa Biyu a Layi Ɗaya: Tafiyata Akra Neman Hamisu

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a wurin aiki a tambaye ni, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai miƙo ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne ba a hango ɗaya gaɓar teku. Kowa kuma da inda yake so a fara masa. Ni ba na son labari a tsinke, gini daga tushe ake ɗauko shi. Don haka na sayi littafi mai layi na zauna in rubuta sau ɗaya, daki-daki, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sai na fara da dalilin tafiyar, in ba haka ba sauran ba zai zauna ba.

Sunana Idi, magini ne ɗan magini, a cikin garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu. Mu uku ne a wurin Inna: ni babba, sai Rakiya, sai Hamisu auta. Baba ya koya mana gini ni da Hamisu. Darasin farko da ya ba mu ba kwaɓa ƙasa ba ne. Tsayar da mu ya yi a zaurenmu ya ce mu dubi ƙofar waje, mu dubi ƙofar ciki. Ya ce ƙofofin nan biyu ba sa kallon juna har abada, don kada mai wucewa a titi ya hango tsakar gidan mutane. Wanda zai shiga sai ya karkata, kuma sai ya bi ta gaban mai gida.

Na fi Hamisu jera tubali, ya fi ni zane nesa ba kusa ba. Bayan rasuwar Baba wani mai dabbobi a Dutsi ya ba mu aikin fuskar gidansa. Na bar Hamisu da zanen, na dawo Daura neman azara. Bayan kwana biyu na koma, na tarar babu dagi, babu ko ɗaya daga zanen da muka gada. Tashar Daura ya ɗora a bangon sukutum: motoci, masu talla, 'yan kamasho, da wani mutum yana gudu ya dafe hularsa. Mai gidan yana tsaye yana kallo, bai ce uffan ba tukuna. Ban jira ya ce ba. Na ɗauki cokalin gini na kankare aikin kwana biyu a gaban leburori. Da muka dawo gida na zauna a zaure, a inda Baba yake zama, na ce masa, "Muddin ina zaune a zauren nan, ba za ka wuce ta gabana da hannun zanen mutane ba."

Da gari ya waye babu shi. Shekara ashirin da ɗaya ke nan.

Ba ɓata ya yi ba. Daga baya ya riƙa kiran wayar Rakiya kowace Sallah ya gaida Inna, kullum ya ce yana nan tafe. Ni bai taɓa cewa a ba ni ba, ni ma ban taɓa cewa a miƙo mini ba. Bara idon Inna ya fara hazo. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta ce, "Kai, mai gidan nan." Ba ta faɗin sunana, ɗan fari ne ni. "Ka je ka zo mini da Auta tun ina bambance mutum da inuwa."

Na ce, "Inna, ai ga waya, sai a faɗa masa."

Ta ce, "Waya ce ta kore shi?"

Na yi takardar tafiya da katin rigakafi, na nemi Alhaji Mamman mai goro, wanda yake zuwa Gana tun ina saurayi kuma ya san inda Hamisu yake a Akra. Inna ta ƙulla mini tsaraba uku: daddawa, kuka, da man shanu a kwalba.

Zango na farko, Daura zuwa Kano. Babu abin faɗi, kowa ya san hanyar Kazaure. Illa dai Alhaji Mamman ya fara surutu tun kafin mota ta cika, kuma bai rufe baki ba sai da muka dawo. Ya dubi jakata ya ce, "Malam Idi, wannan ninkin kaya haka, ko lefe za ka kai?" Na ce kowane abu da mazauninsa. Ya ce, "To bari mu ga mazaunin da Legas za ta ba ka."

Zango na biyu, Kano zuwa Legas, a babbar bas. Nan aka yi ɓarnar farko, kuma laifina ne. Na naɗe kwalbar man shanu a cikin babbar rigata, wadda na ajiye don ranar ganin Hamisu, wai don kada ta fashe. Ba ta fashe ba. Zafin inji ne ya narkar da man, murfi ya saki, rabin kwalba ya shige cikin riga. Ga daddawa kuma ta ɗauki ɗumi. Wata Bayarabiya da ke bayanmu ta toshe hanci tun daga Zariya tana faɗa da yarensu, Alhaji yana ba ta amsa da nasa guntun Yarabancin. Da muka tsaya cin abinci bayan mun haye Kwara, sai ga ta ta zo tana tambaya ko zan sayar mata da daddawar, wai irin wannan ba a samunta a wurinsu. Na ce saƙon uwa ne. Da Alhaji ya fassara mata sai ta ɗan rusuna, ta koma ta kawo mini lemo biyu. Ba ta ƙara toshe hanci ba.

A Legas mun sauka a Agege, gidan da fataken goro suke sauka. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, ruwan alwala da awo. Abin da na lura da shi a garin nan, ba wanda yake tafiya, kowa gudu yake yi, kuma ba wanda aka biyo. Na wanke rigar sau biyu, tabon bai fita ba, ƙamshin ma bai fita ba.

Zango na uku, iyaka. A Seme tebur ne bayan tebur, kowanne da abin da yake dubawa, kuma wannan tsarin ya yi mini, don na san abin da ke gaba da wane. A teburin bincike wani jami'i ya zaro igiyar awona daga aljihun jaka, wadda ke da dalma a baki, ta gwada miƙewar bango. Ba na rabuwa da ita ko masallaci zan je. Ya ɗaga ta yana juyawa, ya yi tambaya da Faransanci. Alhaji ya ce mini, "Wai laya ce ko makami?" Na karɓa na ɗora a bangon da ke kusa na sake ta, ta sauka daidai. Na ce a faɗa masa wanda ya gina bangon nan ya san aikinsa. Jami'in ya yi dariya har da dukan tebur, ya kira ɗan uwansa ya zo ya gani, sannan ya buga hatimi.

Kwatano da Lome wucewa muka yi. Abu uku na riƙe: burodinsu dogo ne kamar sanda kuma da tauri, 'yan acaɓansu duk riga iri ɗaya, mata kuma suna tuƙa babur da kaya a baya ba mai waiwayensu. A hanyar nan na fara ganin teku. Amsar mai shayi ita ce e, ba a hango gaɓa. Na dube ta na ce a raina, ashe yaron nan sai da ya zo inda ƙasa ta ƙare sannan ya tsaya.

Bayan mun shiga Gana ta Aflawo, Alhaji ya ce in mayar da agogona baya da awa ɗaya. Na ƙi. Na ce agogon nan tun da na saye shi bai taɓa saɓa wa ladanin unguwarmu ba, ba zan koya masa ƙarya da tsufansa ba. Ya ce, "Kai dai ka sani, Sarkin Tsari."

Zango na huɗu, Akra. Mun sauka a unguwar Nima, zangon Hausawa, gidan wata dattijuwa Hajiya Adiza. Hausa ake yi ko'ina, amma Hausar ta sha ruwan wata ƙasa, sai ka kasa kunne. Abin da ya fara dukan idona, gidan babu zaure. Daga titi ka tura ƙofa sai ga ka a tsakiyar mata suna girki. Na tsaya a waje ina ta sallama, har Hajiya ta leƙo ta ce, "Baba, shigo mana, nan ba a tsayawa, rana zai kashe ka." Na shiga kaina a ƙasa.

Ta kawo mana dokunu, wato ƙullun masara mai tsami da aka dafa a cikin ɓawonta, da soyayyen kifi da barkono niƙaƙƙe. Loma ta farko na ɗauka ya lalace ne, na dubi Alhaji, na ga ya kusa cinye nasa. Da safe kuma wake da shinkafa a ganye, an zuba taliya da gari da ƙwai duk a kai, abinci huɗu a mazaunin ɗaya. Wannan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ga jana'iza a bakin titi, an kafa rumfuna, ana kiɗa, mutane sanye da ja da baƙi, an ce mamacin ya fi wata da rasuwa. Na ce mu a Daura wanda ya rasu da hantsi kafin azahar ya kwanta. Alhaji ya ce kowa da yadda yake rakiyar nasa.

Da Hajiya Adiza ta ji daga Daura nake, sai ta jawo kujera. Kakanta daga wani ƙauye na ƙasar Daura ya zo da fatauci bai koma ba. Ita ba ta taɓa zuwa ba, sunan ƙauyen ma ya ɓace mata. Ta ce, "Rijiyan nan, har yanzu akwai ruwa?" Na ce akwai. Ta ce, "Ka sha?" Na ce tun ina yaro. Ta daɗe tana kallona kamar ruwan yana jikina.

Alhaji ya kira Hamisu ya faɗa masa na zo. Hamisu ya ce in same shi gobe ƙarfe goma a gidan da ake nuna zanensa.

Zango na biyar, gidan nunin zane. Alhaji ya sa ni a mota ya wuce harkar goronsa. Na isa goma daidai a agogona, wato tara a nasu, ana shara. Mai kula da wurin, wata mata Madam Akos, ta tashi kusa da zangon Kumasi, tana jin Hausa. Ta ce in shiga in jira. Ga ni da babbar riga mai tabo, ina ƙamshin man shanu, a ɗaki fari fat mai sanyin inji.

Ban taɓa sanin ana gina gida don a rataye zane kawai ba. Aikin mutum huɗu ne a ciki, dukkansu garin Akra suka zana. Ɗaya masunta da jiragensu. Ɗaya, mace ce, da guntayen atamfa ta liƙa kasuwa guda, in ka matso tsumma ne, in ka ja baya sai ga mata da tire a ka. Ɗaya kuma benaye ne zalla da wayoyin lantarki, babu mutum ko ɗaya, kamar an yi annoba. Madam ta ce in nemo na ƙanena da kaina.

Ban sha wuya ba. A bango na ƙarshe ga cunkoson motocin haya, masu sayar da ruwa a tsakanin motoci, kwandasta ya leƙo da rabin jikinsa, hayaƙi har kana jin ɗacinsa. A gefe kuma ga mutum yana gudu ya dafe hularsa. Shi ne dai wanda na kankare a Dutsi. Ya tsufa, amma bai daina gudu ba.

Na zaro igiyata na gwada benayen da ya zana. Babu bango ɗaya da ya tsaya daidai, duk sun karkata kamar za su faɗa wa titi. Madam tana ta dariya a bayana. Ta ce, "Baba, ka ga ƙaramin gidan?" Ta nuna da yatsa. Can a tsakanin benaye biyu, bai fi faɗin tafin hannu ba, ga zaure na ƙasa da zankwayensa biyu a sama. Ta ja ni zane na gaba, yana nan a bayan tashar mota. Na gaba, yana ƙarƙashin gada. Ta ce kowane zanensa da shi, masu saye har nemansa suke yi, kuma ya ƙi faɗa wa kowa ko gidan wane ne.

Ni ba sai an faɗa mini ba. Na san tsagar da ke gefen hagu, ni na toshe ta sau uku. Na ɗora igiya a kansa. A duk garin da ya zana, shi kaɗai ne ginin da ya tsaya daidai.

Ina nan tsaye na ji an yi sallama a bayana. Na juya na ga Baba. Wallahi Baba na gani, da furfurar gemun da ɗan rankwafawar kafaɗa, sai dai a cikin wando mai ɗigon fenti. Ya durƙusa har ƙasa a gaban matar nan da masu shara.

"Yaya, barka da zuwa. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina Inna? Ina Rakiya? Ina mutan gida?"

"Duk lafiya. Suna gaishe ka."

Tun daga Kazaure nake jera abin da zan faɗa masa, na ɗaya, na biyu, na uku. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Bangwayenka duk sun karkace."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi igiyar da ke hannuna, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yaya, tun daga Daura ka ɗauko ta?" Ya share ido ya ce, "Ka tsaya a titin nan da tsakar rana, cikin yunwa da hayaƙi, ba ka da kowa, ka ga in ba haka suke yi maka ba." Ya shinshina ya ce, "Wannan kuma man shanun Inna ne." Daga nan dariyar ta tsaya.

Zango na shida, gidansa. Ɗaki biyu ne a saman bene, ɗaya na kwana, ɗaya na aiki. Matarsa Fati, haifaffiyar zangon ce, ta karɓi tsarabar da hannu biyu, ta tuƙa tuwo ta kaɗa kukar Inna da daddawar, ta zuba ragowar man. Hamisu ya ci, ya sa yatsa ya suɗe kwanon kamar yadda yake yi yana yaro, abin da na sha dukansa a kai. Wannan karon na kau da kai.

Na isar masa da saƙon Inna yadda aka ba ni, kalma da kalma. Ya tashi ya ce in zo in ga wani abu. A ɗakin aikin ya janye wani zani daga bango.

Layinmu ne na Daura, tsawon zanen ya kai na ƙofa. Ga mai ƙosai a inda take zama, ga masu ɗibar ruwa sun nufi Kusugu, ga bishiyar darbejiya da aka sare tun tuni, ga inuwar la'asar ta faɗo daidai inda take faɗowa. A tsakiya ga zaurenmu. Na daɗe ina duba, sannan na ga abin da ya dame ni. Ƙofar waje da ƙofar ciki suna kallon juna. Daga titi ana hango tsakar gida tar, har rumfa, har wata mace a zaune a kan tabarma tana tsince wake.

Na ce, "Ka manta gida, Hamisu. Wannan kuskuren ko lebura ba zai yi shi ba. Me Baba ya fara koya mana?"

Ya ce, "Ban manta ba."

"To me ya sa?"

"Sau uku na zana shi daidai. In na gama sai in tsaya a titi ina kallon bango. Ba na ganinta." Ya gyara zanin da ke hannunsa. "Sai na matsar da ƙofar."

Na duba cikin zauren da ya zana. Ga buzu a shimfiɗe, ga buta. Ba kowa a kai.

Ya ce, "Yaya, kana tsammanin ban taɓa zuwa ba? Shekara tara da suka wuce na zo har bakin layi. Na sauka a acaɓa wajen mai ƙosai, ba ta gane ni ba. Na hango ƙafarka a zaure. Na tsaya har aka kira la'asar, na ce in ka fita masallaci sai in shiga. Sai na ga ai shigar ɓarawo ke nan a gidan ubana. Na koma tasha."

Na yi tunani, ba abin da ya faru a wannan rana da zan iya tunawa. La'asar ce kamar kowace la'asar, ina zaune ƙila ina yanke farce.

Na ce, "To ga ni na zo da ƙafata."

Ya ce, "Ka zo, kuma na gode. Amma nan ɗakina ne, a nan ina iya kallon idonka. Can zaurenka ne. Hannun nan kuma," ya buɗe tafinsa, fenti har cikin farce, "shi ne dai wanda ka ce."

Akwai kalmar da ta kamata in faɗa a nan. Na san ta, kowa ya san ta. Ban iya faɗinta ba, don ban saba ba, kuma ba zan rubuta cewa na faɗa ba alhali ban faɗa ba. Abin da na iya cewa shi ne, "Aikin Dutsi, mai gidan bai ce a kankare ba. Daga baya ya tambaye ni ina mai zanen." Shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da wannan. Hamisu ya juya ya fuskanci taga.

Kwana huɗu na yi a Akra. Ya zaga da ni wuraren da yake zama yana zane, tashoshi da bakin kasuwa da ƙarƙashin gada, kowa ya san shi, masu talla suna kiransa Daura. Amma bai biyo ni ba. Ya ce sai an rufe nunin, sai kaza, sai kaza. Na gane maganar Sallah ce ta kowace shekara. Ranar tafiya ya cire zanen layinmu daga katakonsa, ya naɗe, ya zura a bututun roba ya ce in kai wa Inna. Hajiya Adiza kuma ta ba ni gora ta ce in Alhaji zai dawo a cika mata da ruwan Kusugu.

Zango na bakwai, dawowa. Hanyar ita ce dai, a juye. A kowace iyaka sai an buɗe bututun, a kowace iyaka sai jami'ai sun taru suna kallo. Alhaji ya ce da ya sani da zane ya yi fatauci.

Na shiga wurin Inna ni kaɗai. Ta ji takun mutum ɗaya, ba ta tambaya ba. Na shimfiɗa mata zanen a tabarma. Ba ta gani sai launi-launi, sai ta bi shi da hannu, ni kuma ina faɗa mata: nan mai ƙosai, nan darbejiya, nan zaure. Da yatsanta ya kai kan matar da ke tsince wake na ce, "Nan ke ce." Ta ce, "Daga ina yake kallona?" Na ce daga titi. Ta ce, "Ai ba a ganina daga titi." Na ce haka ne. Ta janye hannunta ta ce, "Ya yi ƙiba ko ya rame?"

Yanzu sai amsar tambayar da kuka fi yi mini, wadda ba ta Gana ba ce.

Bayan kwana uku na ɗauki diga na fasa bangon zaurenmu na ciki, daidai saitin ƙofar waje, na toshe tsohuwar ƙofar. A wajen aikin har yaɓen fuskar gidan na kankare. Na ja gajeriyar katanga a bayan rumfar Inna da gefenta, ta yadda mai tsayuwa a titi ba abin da zai hango sai rumfar da mai zama a cikinta. Iyalina suna bayan katanga, sutura ba ta taɓu ba. Tsofaffin magina biyu sun zo har gida, ɗaya ya ce, "Idi, kai da muke kafa misali da kai? Ko ruwan teku ka sha?" Na ce na ji, kuma ba zan yi wa kowa irinta ba, ko an biya ni. Buzuna da butata kuma na kwashe su na mayar dakalin da ke tsallaken layi. Masu cewa zafi ne ya kore ni daga zaure, ba zafi ba ne.

Na sa Rakiya ta tsaya a titi wajen mai ƙosai ta ɗauki hoto da wayarta, ta aika masa. Ban sa a rubuta komai ba. Kwana biyu shiru. A na uku ya aiko da murya, kuma ya ce a ba Yaya. Wannan ne karo na farko. Rakiya ta kara mini a kunne. Ya ce, "Yaya, na gani. Ƙofar ta tsaya daidai." Ina jin motocin Akra a bayansa. Sannan ya ce, "Fuskar gidan da ka kankare wajen aikin, kada ka shafe ta. Ka bar mini."

Shi ya sa kuke ganin bangon gidan magini tsirara, ba yaɓe ba zane, kuna dariya. Na bar masa. Bai faɗi rana ba, ni ma ban tambaya ba. Amma bangon ƙasa ba ya jure ruwan farko babu yaɓe, kuma damina saura wata biyu. Ya san haka, ɗan magini ne.

Inna kuwa tun daga azahar take sa a shimfiɗa mata tabarma a saitin ƙofar. Daga dakalina ina ganinta. Duk acaɓan da ya tsaya a bakin layi sai ta ɗago kai.